Laka Ɗaya, Hanya Uku: Abin da Muka Koya Daga Wani Fim na Ƙasar Italiya

Jawabin da sashen raya al'umma ya gabatar a taron ma'aikata da masu aikin sa kai

   

Kun saba idan sashenmu ya tashi magana, lissafi za ku ji: rijiya nawa aka haƙa, buhu nawa aka raba, gida nawa aka ziyarta. Wannan rahoto yana nan, kuma za ku same shi a rubuce. Amma yau mun roƙi izinin shugaba mu yi magana a kan wani abu dabam, wato wani fim na ƙasar Italiya da mu ma'aikatan sashe muka zauna muka kalla cikin dare uku, muna karanta fassarar Turanci a ƙasan allo. Da muka gama a dare na uku, babu wanda ya yi hanzarin tashi daga kujerarsa. Kowa ya ga wani nasa a ciki, waɗansunmu kuma sun ga kansu. Shi ya sa muka ce bai kamata mu riƙe abin mu kaɗai ba.

Fim ɗin da masu yinsa

Sunan fim ɗin da harshen Italiyanci La meglio gioventù, ma'anarsa zaɓaɓɓun matasa, ko kuwa mafi kyawun ƙuruciya. An ɗauko sunan ne daga wani kundin waƙoƙi da marubuci Pier Paolo Pasolini ya wallafa a 1954. Wanda ya ba da umarni shi ne Marco Tullio Giordana, waɗanda suka rubuta labarin kuwa Sandro Petraglia da Stefano Rulli. Tun farko an shirya shi ne domin gidan talabijin na gwamnatin Italiya, wato RAI, shi ya sa tsawonsa ya haura awa 6. A shekarar 2003 aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Kan a ƙasar Faransa, ya kuwa ci kyauta a can, sa'an nan aka kai shi gidajen sinima a kashi biyu.

Labarin na gidan Karati ne, mutanen birnin Roma, daga 1966 har zuwa 2003. Uban gidan ɗan kasuwa ne mai yawan dabaru, uwar kuwa, Adiriyana, malamar makaranta ce. 'Ya'yansu huɗu: Jobana babba, wadda ta zama alƙaliya, sai samari biyu, Nikola da Matiyo, sai 'yar auta Faranceska. Gidan ƙirƙirarre ne, amma abubuwan da suka auka musu a hanya, ambaliya da tarzoma da kashe-kashe, tarihin Italiya ne na gaskiya. Muna kuma so iyaye su sani cewa fim ne na manya, akwai wuraren da ba su dace da yara ba.

Yarinyar da aka kasa kai wa gida

A 1966 Nikola yana karatun likita, Matiyo yana karatun adabi. Su da abokansu biyu sun shirya idan an gama jarrabawa za su yi doguwar tafiya har Nordkapp, can ƙarshen arewacin ƙasar Norwe. Kafin nan Matiyo ya karɓi wani ɗan aiki a wani asibitin masu taɓin hankali, inda aka ba shi wata yarinya mai suna Jorjiya ya riƙa fita da ita yawo yana sa ta magana. A nan ne ya ga tabon ƙuna a gefen goshinta, ya gane ana jona mata wutar lantarki a kai. Zuciyarsa ta kasa ɗauka. Da dare ya sato ta daga asibitin, ya nemi ɗan'uwansa ya taimake shi su mai da ta wurin mahaifinta.

Suka sha wahala har suka gano inda uban yake, amma uban ya riga ya kafa sabon iyali, ba ya son a dawo masa da ita. Suna cikin rasa abin yi, a wata tashar jirgin ƙasa, yarinyar ta je sayen abin sanyi, 'yan sanda suka tare ta da tambaya. Ta kasa ba da amsa. Suka tafi da ita, samarin nan biyu suna kallo, ba wanda ya iya buɗe baki.

'Yan'uwa, wannan ne tushen labarin duka. Samari biyu sun yi niyyar alheri, sun kuma fāɗi tare, a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya. Amma kowa da yadda ya ɗauki faɗuwar. Matiyo ya fasa tafiya, ya bar jami'a, ya shiga soja, domin yana neman inda akwai doka da oda, inda ba sai ya yanke shawara da kansa ba. Nikola ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, ya yi aiki a wurin yankan katako a Norwe, bai kai Nordkapp ba, amma ya ƙudura a ransa zai zama likitan ƙwaƙwalwa saboda irin su Jorjiya.

Ambaliyar Fulorens

A ranar 4 ga Nuwamba 1966, bayan an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogin Arno ya ɓalle ya shiga birnin Fulorens. A waɗansu unguwanni ruwan ya haura mita 5. Ya zo da laka da man da ake ɗumama gidaje da shi, ya ci rayuka, ya lalata shaguna da gidaje, ya kuma shiga babban ɗakin karatu na ƙasa ya jiƙa tsofaffin littattafai masu ɗimbin yawa. A majami'ar Santa Kroce ya ɓata wani shahararren zanen gicciye na mai zane Cimabue wanda ya yi kusan shekara 700 a duniya. Ba tare da an kira su ba, matasa suka riƙa tahowa daga ko'ina cikin Italiya da ƙasashen waje, suna kwana a cikin taragon jirgin ƙasa, suna jeruwa suna miƙa wa juna littattafai daga cikin laka. Aka sa musu suna mala'ikun laka.

Wanda ya taɓa aikin agajin ambaliya a cikinmu ya san wannan yanayi. Ga wari, ga gajiya, ga yunwa, amma zuciya fes take, domin kowa ya san abin da ya kawo shi, kuma babu babba babu yaro. A cikin fim ɗin Nikola ya ga labarin a talabijin yana Norwe, ya tattaro ya dawo. A cikin lakar nan ya haɗu da Matiyo sanye da kayan soja. A nan kuma ya ji wata ɗaliba mai suna Juliya tana kaɗa wa masu aikin piyano a fili, ya ƙaunace ta, ya bi ta zuwa birnin Turin.

Ku riƙe wannan hoto: mutum uku, Nikola da Matiyo da Juliya, tsaye cikin laka ɗaya, kowa yana so duniya ta gyaru. Sauran awa huɗu da rabi na fim ɗin bayani ne a kan inda kowannensu ya ƙare.

Hanyar Juliya

Juliya mace ce mai kaifin hankali, mai zafin zuciya a kan zalunci. Turin kuwa garin masana'antu ne, a nan ne cibiyar kamfanin motoci na Fiat, inda talakawa daga kudancin ƙasar suka yi ta kwarara neman aiki. Daga 1968 zanga-zangar ɗalibai da yajin aikin ma'aikata suka cika garin. Juliya ta shiga ciki da ƙarfinta. Ta daina kaɗa piyano, domin a ganinta kiɗa wasa ne a lokacin da mutane suke shan wuya. Ta haifa wa Nikola 'ya mace, Sara, amma gidan ya yi mata ƙunci. Da ta ga canjin da take so bai zo da sauri ba, sai ta karkata zuwa ga masu cewa sai da bindiga.

Italiyawa suna kiran wannan zamani shekarun dalma, domin da dalma ake yin harsashi. Ƙungiyar da Juliya ta shiga ta gaske ce, sunanta Brigate Rosse, wato Jajayen Dakaru. Su ne a ranar 16 ga Maris 1978 suka sace tsohon firayim minista Aldo Moro a Roma, suka kashe masu tsaronsa 5, suka tsare shi kwana 55, sa'an nan aka tsinci gawarsa a bayan wata mota ranar 9 ga Mayu. Sun kashe alƙalai da 'yan sanda da 'yan jarida, har da wani ɗan ƙungiyar ƙwadago, duk da sunan talaka.

Wata rana da dare Juliya ta ɗauki jakarta za ta fita. Nikola ya farka ya same ta a bakin ƙofa. Ya san inda za ta, ya kuma san ba za ta dawo ba, amma bai tare ƙofar ba. Ta bar 'yarta ƙarama tana barci. Daga baya ƙungiyar ta sa sunan Karlo a cikin waɗanda za a kashe. Karlo kuwa aminin Nikola ne tun ƙuruciya, ma'aikacin babban bankin ƙasa, kuma mijin Faranceska, ƙanwar Nikola. Ga inda son talakawan da ba ta san sunansu ba ya kai ta: bakin bindiga ya juyo kan wanda suka ci abinci a akushi ɗaya. Ita da kanta ta je a ɓoye ta gargaɗi Faranceska.

Hanyar Matiyo

Matiyo shi ne mafi hazaƙa a gidan, mai son littattafai, mai taushin zuciya, amma ya lulluɓe taushin da fushi. Daga soja ya koma aikin ɗan sanda. A wata tarzoma a Turin aka raunata abokin aikinsa rauni mai tsanani, shi kuma ya kama wani mai zanga-zanga ya yi masa dūkan kawo wuƙa. Aka yi ta canja masa wurin aiki, har aka kai shi birnin Palermo a tsibirin Sisili. A can ya haɗu da wata budurwa mai son ɗaukar hoto, Mirella. Da ta tambayi sunansa, sai ya ce mata Nikola. Ko sunansa na gaskiya bai iya miƙa wa wanda ya matso kusa da shi ba.

Bayan shekaru suka sake haɗuwa a Roma, inda take aiki a wani ɗakin karatu da shi ne ya taɓa ba ta labarinsa. Ta ƙaunace shi, shi ma haka, amma duk lokacin da ta matso sai ya ja da baya. Mahaifinsa ya yi ciwon daji har ya rasu, Matiyo bai iya zama sun yi maganar zuciya ba. Yakan zo gida kamar baƙo, ya tafi kamar wanda ake kora. Mutanen gidan suka saba, suna cewa ai halinsa ne, a ƙyale shi.

Hanyar Nikola

Nikola ya bi koyarwar wani likita na gaske, Franco Basaglia. Shi Basaglia ya karɓi shugabancin asibitin masu taɓin hankali na garin Goriziya a 1961, ya tarar ana ɗaure mutane a gado, an ƙwace musu tufafinsu da kayansu. Ya ƙi yarda da ɗauri, ya buɗe ƙofofi, ya sa marasa lafiya suna zama taro tare da ma'aikata. A 1971 ya koma Triyeste ya ci gaba. A can ne a 1973 marasa lafiya da masu zane suka ƙera wani shuɗin doki na katako da takarda mai tsayin kusan mita 4, wanda sai da aka fasa bakin ƙofa kafin ya fita, suka zaga gari da shi. A ranar 13 ga Mayu 1978, kwana huɗu bayan an tsinci gawar Moro, Italiya ta kafa Doka ta 180, wadda ta sa aka fara rufe irin waɗannan asibitoci, aka mai da jinya zuwa cibiyoyin cikin unguwa da sassan manyan asibitoci. Basaglia ya rasu a 1980, rufewar kuwa ba ta kammala ba sai wajen ƙarshen shekarun 1990.

Ku duba wannan da kyau. A mako ɗaya, a ƙasa ɗaya, masu bindiga sun ajiye gawa a bayan mota, masu haƙuri kuma sun samo doka bayan shekara 17 suna aiki daga ɗaki zuwa ɗaki. Dukansu 'ya'yan zamani ɗaya ne, kuma dukansu sun ce suna ƙin zalunci.

A cikin fim ɗin Nikola ya tsaya wa marasa lafiya har suka ba da shaida a kotu a kan likitan da ya azabtar da su da lantarki. Wannan ma yana da tushe, domin a 1974 wata kotu a Turin ta sami wani likitan ƙwaƙwalwa da irin wannan laifi. Don kada a fahimce mu a karkace, har yau likitoci suna amfani da lantarki wajen jinyar waɗansu cututtukan ƙwaƙwalwa, amma da ƙa'ida, da allurar barci, da yardar marar lafiya ko danginsa. Abin da aka hukunta shi ne mai da magani bulala. Wata rana kuma, wajen binciken wani asibiti, Nikola ya buɗe wani ɗaki da aka ɓoye, ya tarar da mutane ɗaure a gadaje cikin ƙazanta. A cikinsu akwai Jorjiya. Ya ɗauke ta, ya shiga jinyarta, shekara da shekaru, a hankali.

Daren sabuwar shekara

Da labarin ya tsaya nan, da mun ce ga mugu, ga ɓatacce, ga nagari, mu tashi. Amma fim ɗin bai sauƙaƙa mana haka ba.

A daren ƙarshe na shekarar 1983, Mirella ta zo gidan Matiyo da magana mai muhimmanci a bakinta. Ya yi mata tsawa ya sallame ta ba tare da ya ji ba. Daga nan ya tafi gidan mahaifiyarsa, inda dangi suka taru suna jiran shigowar sabuwar shekara. Ya gaisa, ya ɗan zauna, ya ce yana da aiki, ya fita. Suka bar shi ya tafi kamar yadda suka saba. Da tsakar dare, gari yana ta wasan wuta da murna, Matiyo ya ɗauki ransa da hannunsa.

Nikola likitan ƙwaƙwalwa ne. Ya kwance ɗaurin baƙi, ya iya karanta ciwo a fuskar wanda bai taɓa gani ba, amma bai karanta na ɗan'uwansa ba. Hausawa suka ce inuwar giginya, na nesa ka sha. Daga baya ya gane cewa sau biyu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon nasa yana fita zuwa hallaka, sau biyu kuma ya ce wa kansa kowa yana da 'yancin zaɓen hanyarsa. Wannan aƙida ce ta sa ya buɗe wa marasa lafiya ƙofa, ita ce kuma ta hana shi riƙe hannun Juliya da na Matiyo. Saboda haka ya yi abin da ya fi masa ciwo: ya shirya ganawa da Juliya a Roma, ya sanar da hukuma, aka kama ta, domin kada ta kashe wani ko a kashe ta. Aka yanke mata ɗaurin shekaru masu yawa.

Muna so mu yi hattara a nan. Fim ɗin bai ce Nikola ne ya kashe ɗan'uwansa ba, mu ma ba mu ce ba. Akwai ciwon zuciya da ƙauna kaɗai ba ta warkarwa, sai an haɗa da likita da magani. Wanda wannan masifa ta taɓa faɗa wa gidansa, kada ya fita daga nan da sabon kaya a kansa. Abin da muke cewa shi ne, mu da sauran lokaci ya rage mana, mu yi amfani da shi.

Yadda gidan ya yi makoki

Adiriyana ta rasa miji, ta rasa ɗa. Ta bar koyarwa, ta kulle kanta a gida. Nikola ya nutse cikin aiki da renon Sara. Ba a cika ambaton sunan Matiyo ba, kowa yana tsoron fama wa wani ciwo. Haka aka yi shekara takwas.

A 1992 Nikola ya ga hoton idanun ɗan'uwansa a wani baje kolin hotuna. Ya yi jinkirin neman wanda ya ɗauka. Wa ya matsa masa? Jorjiya, wadda aka ce ba ta da hankali. Ita ce ta riƙe Matiyo a ranta tun 1966, ita ce ta ce lalle ya je. Wadda aka yi shekaru ana taimako, ranar nan ita ta taimaki likitanta. Ita ma daga baya ta yi ƙarfin hali ta fita daga asibiti ta koma zama cikin jama'a.

Nikola ya sami Mirella a Palermo, a shekarar da garin yake cikin nasa makoki. A ranar 23 ga Mayu 1992 gungun miyagu na Mafiya suka tayar da bam a kan hanya kusa da Kapaci, suka kashe alƙali Giovanni Falcone da matarsa da masu tsaronsa 3, sa'an nan ranar 19 ga Yuli suka kashe abokin aikinsa Paolo Borsellino. A cikin wannan yanayi Mirella ta gaya wa Nikola maganar da Matiyo ya ƙi saurara a daren nan: tana da ciki. Yaron yana nan, sunansa Andareya.

Nikola ya ɗauki mahaifiyarsa ya kai ta tsibirin Istromboli, inda Mirella take zaune da yaron. Tsohuwar da ta daina magana da mutane ta ga jikanta, ta shiga ba shi labarin ubansa. Ta zauna a can tare da su har ƙarshen ranta. Jikan bai maye gurbin ɗan ba, amma ya ba ta wanda za ta faɗa wa sunan. Sara ma, da ta girma za ta yi aure, mahaifinta ya ƙarfafa ta ta nemi uwar da ta gudu ta bar ta. Suka haɗu a Fulorens, garin da labarin iyayenta ya fara, bayan Juliya ta fito daga kurkuku. A ƙarshe Nikola da Mirella suka yarda da ƙaunar da ta tsiro a tsakaninsu. A 2003 kuma Andareya ya isa Nordkapp, inda ubansa da baffansa suka yi niyyar zuwa shekara 37 da suka wuce ba su kai ba.

Abin da muka ɗauka

'Yan'uwa, yawancinmu mun shigo wannan aiki da wuta a zuciya. Mun zaci cikin shekara biyar za mu ga ƙarshen yunwa a yankin da aka ba mu. Sa'an nan muka ga famfon da aka kafa ya lalace ba mai gyara, muka ga kwamitin da muka horar ya watse a kan kuɗi, muka ga yaron da muka yi jinya ya rasu duk da haka. Kowannenmu yana da tasa tashar jirgin ƙasa, inda ya tsaya yana kallo aka tafi da wanda ya so ya ceta. Tambayar ita ce, me muka yi da wannan rana? Za mu faɗi abu huɗu.

Na ɗaya, burin da ba shi da fuskar mutum yana da haɗari. Juliya ta ƙaunaci talakawa gaba ɗaya har ta kasa ƙaunar yarinya ɗaya da take kwance a ɗakinta. Idan muka ji bakinmu ya cika da kalmar al'umma da masu cin gajiya, amma mun manta sunan gwauruwar da muka ziyarta makon jiya, to mu binciki kanmu. Nikola bai gyara Italiya ba. Jorjiya ya riƙe, shekara da shekaru, kuma a nan ne burinsa na ƙuruciya ya rayu.

Na biyu, gajiyar zuciya ba ta zuwa da ƙararrawa. Wani takan zo masa kamar ta Matiyo: ya daina hira, ya riƙa fakewa da dokar ofis, ya yi saurin fushi, ya daina zuwa inda ake taruwa. Mukan ce halinsa ne. Labarin zuciya a tambayi fuska. Muna roƙon shugabannin sassa, idan kun zauna da ma'aikaci kada ku tsaya kan rahoto kaɗai. Ku tambaye shi yadda yake barci, ku tambayi gida, ku kuma jira amsa. Idan wani ya furta cewa ya gaji da rayuwa, kada a ɗauka wasa ne, kada kuma a rufe shi da faɗa. A zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi wurin likita.

Na uku, gidajenmu suna cikin aikin. Matanmu da mazanmu da 'ya'yanmu da ƙannenmu ba su sa hannu a takardar ɗaukar aiki ba, amma su ne suke biyan kuɗin tafiye-tafiyenmu. Kada mu kai wa na nesa kunne, mu kawo wa na gida gajiya kaɗai. Girmama 'yancin mutum abu ne mai kyau, amma akwai ranar da ƙauna takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, ɗan'uwa, yau ba za ka fita kai kaɗai ba.

Na huɗu, ta'aziyya ba ta ƙarewa ranar da aka kwashe rumfa. Gidan Karati sun yi shekara takwas cikin shiru kafin su sami bakin magana. Muna da iyalai a cikinmu da suka yi rashi bara da bara waccan, waɗanda yanzu ba mai taka ƙofarsu. Zumunci a ƙafa yake. A je, a ambaci sunan mamacin, a bar su su ba da labarinsa ko da sau goma ne. Gidan da rashinsu ya zo ta hanyar da mutane suke jin nauyin faɗa, su ne suka fi bukatar a je.

Kafin mu zauna, ga roƙonmu. Kowa ya ɗauki takardar shirin taro da ke hannunsa, ya rubuta suna biyu a bayanta: ɗaya daga cikin abokan aiki, ɗaya daga cikin gida ko dangi, mutanen da shirunsu ya daɗe yana damunka kana ɗagawa. Kafin makon nan ya ƙare, ka je ka same su. Idan muka sake haɗuwa a taro na gaba, ba za mu tambayi sunayen ba, amma za mu tambaya ko an je.

Mai son kallon fim ɗin ya yi magana da sashenmu bayan an tashi, za mu shirya zama na dare uku kamar yadda muka yi.   Allah ya ta'azantar da masu makoki a cikinmu, ya kuma kai kowa gida lafiya.